Akuyar Wardiya

A garinmu Bijaya, duk amaryar da mijinta zai fita teku karo na farko bayan biki sai ta ba da akuya. Akan tsaga mata kunnen hagu, a saka ta cikin jirgi, idan an tsaya ɗibar ruwa a Dutsen Amare sai a sake ta a can. Tsibirin ba kowa a kansa, ba itacen kirki, sai duwatsu da ƙaya da wata rijiya da mutanen dā suka fafe cikin dutse tana tara ruwan sama. Duk wanda teku ta tofar a wurin, awakin nan ne abincinsa. Bunsuru halas ne ga wanda ya iya kamawa, amma mai tsagaggen kunne ba a yanka ta, mu da Nasara duk mun san haka.

Yawancin mata sai ranar tafiya suke aikawa kasuwa a sayo musu wadda ta fi araha, a ja ta zuwa bakin ruwa tana turjiya. Da ta taka tsibirin sai ta haye ƙololuwar dutse wajen 'yan'uwanta, daga nan kuma ko da bindiga sai ka yi da gaske. An sauke nauyi ke nan, kowa ya koma harkarsa.

Wardiya, matar yayana Muƙran, ba ta yi haka ba. Tun da sauran watanni kafin jirginmu ya tashi ta samo wata 'yar akuya baƙa wuluk wadda uwarta ta mutu, ta sa mata suna Zaituna, ta rene ta a tsakar gida. Gida ɗaya muke, kuma ɗakina ne ya fi kusa da inda ake ɗaure ta, don haka ni na fi kowa shan wahala. Safe da yamma Wardiya za ta ɗauki akushi da cokalin itace ta buga, biyu a jere, ta ɗan dakata, ta ƙara ɗaya. Sai ka ga 'yar akuyar ta sheƙo a guje, a ba ta busasshen ɓaure guda. Matan unguwa suka yi ta dariya, wai ga mai ciyar da dabba abincin baƙi. Ni kuwa da abin ya ishe ni na ce mata bugun nan zai fasa mini kai. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce tunda aikina liƙe jirgi da kwalta ne, in ɗibi kaɗan in liƙe kunnuwana.

Aka kai Zaituna Dutsen Amare aka sake ta, na ce na huta. Shekaru suka shige muna fita muna dawowa a jirgin Ra'is Bakir, Ra'is kuwa shi ne shugaban jirgi a bakinmu. Nasara suna kiranmu ɓarayin teku, mu muna cewa da izinin Basha mai mulkinmu muke fita, su ma nasu ɓarayin da izinin nasu sarkin suke yawo, kowa dai da bakinsa. Ra'is Bakir gajere ne mai kauri, albarushi ya ƙone masa gira ɗaya, kuma ban taɓa ganin haƙoransa don dariya ba. Abin da yake taƙama da shi guda ne: duk jirgin da ya sauke masa tuta, ba a zubar da jinin kowa a cikinsa. Wanda ya zo maka da ƙafarsa, in ji shi, ya shiga amanarka. Ya taɓa sa a zane ɗan ƙanwarsa a gaban kowa don ya mari wani fursuna da ya riga ya ajiye takobi.

Muƙran shi ke kula da igwa, ƙato ne marar yawan magana. Duk lokacin da muka tsaya ɗibar ruwa a tsibirin, sai ya cusa wani ƙunshi cikin riga ya zaga bayan duwatsu, ya daɗe har a fara nemansa. Mutanen jirgi suka yanke cewa ruwan rijiyar ne ke ɓata masa ciki, suka yi ta tsokanarsa, har ni ma ina taya su. Bai taɓa musawa ba.

A shekarar da nake magana, cikin tsakiyar zafi, jiragen Nasaran Malta biyu suka ritsa mu kusa da tsibirin. Ba zan ja labarin faɗan ba, don ba wani abin alfahari a cikinsa. Harsashin igwa ya fasa itacen tsakiyar jirgi, wani guntu ya tashi ya sami Muƙran a muƙamuƙi, iska kuma ta ƙarasa aikin ta maka mu da duwatsu. Waɗanda ruwa bai ci ba Nasara suka tsince su suka yi gaba. Mu uku muka kai gaci: ni, da yayana da na jawo a kan wani katako, da Ra'is Bakir da ya fito daga ruwa yana tari, wuƙarsa da ƙyastunsa na nan a ɗamara.

Ruwan sha akwai, Alhamdulillahi, ga kuma rabin tulu da wani ya fasa ya bari a bakin rijiya. Damuwar ita ce bakin Muƙran. Muƙamuƙin ya karye, fuskar ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. Na yaga rawanina na ɗaure masa haɓa da kai, na samo kara mai rami na zura ta inda haƙori ya fita, da shi yake zuƙar ruwa. Ni da Ra'is muna ɓamɓarar ƙananan katantanwar da ke manne da duwatsun bakin ruwa mu gasa mu ci. Na dafa wa Muƙran romonsu a kaskon tulun, yana sha ya dawo da shi, kuma amai da baki a ɗaure saura kaɗan ya kashe shi a hannuna. Tsuntsaye sun riga sun ƙyanƙyashe sun tashi, ko ƙwai ɗaya babu. Ina kallo ƙaton mutumin nan yana narkewa, haƙarƙari na fitowa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya riƙe ni tun da mahaifinmu ya rasu, shi ya koya mini iyo, ga shi yanzu yunwa za ta kashe shi a gabana alhali awaki na yawo a saman kanmu.

Na bi awakin nan har na gode wa Allah. Na yi rarrafe, na yi laɓe, na yi jifa, na faɗo na ɗaye gwiwoyi biyu. Su kuwa suna tsaye can sama suna tuƙa suna kallona, irin kallon da matan unguwa ke yi wa sabon maƙwabci. Ra'is ya ɗana tarko da igiyar da ruwa ya turo, ko ɓera bai kama ba. Na zagi amaren Bijaya kaf, da su da awakinsu na araha.

Wata rana da hantsi ina zaune kusa da shi a inuwar dutse, sai Muƙran ya laluba ya ɗauki tsakuwa ya fara ƙwanƙwasa katakon da yake kwance a kai. Na ɗauka zafin ciwo ne ko kuma abin da ake gudu ya iso. Na dafa hannunsa ina karanta masa addu'a. Ya fizge hannun, ya dube ni da idonsa mai gani, irin duban da yake yi mini tun muna yara idan na yi wauta, ya ci gaba. Sai na saurara. Biyu a jere, ya dakata, ɗaya.

Bugun Wardiya ne. Ya juya ido wajen wani tsagin dutse can gefe, na je na zura hannu. Akushi ne da cokalin itace, tare da wani tsumma ɗaure da 'yan ɓaure da suka bushe kamar tsakuwa. Ashe ciwon cikin yayana ke nan duk shekarun nan. Matarsa ce ke ba shi ƙunshin ɓaure ta ce kada ya bari akuyar ta manta, shi kuma kunyar maza ta hana shi faɗa, ya gwammace a ce zawo yake yi.

Na hau wani tudu na fara bugawa. Na buga har hannuna ya gaji, ba abin da ya motsa sai iska. Ra'is Bakir na zaune yana wasa wuƙarsa a jikin dutse, ya ɗago ya ce, "Lunis, bikin wa ake yi ba a gayyace ni ba?"

Na ci gaba da bugu, rabi don fata, rabi don haushi. Can sai na ji tsakuwa na gangarowa. Wata baƙar akuya ce take saukowa daga dutsen, bakinta ya fara furfura, kunnen hagu a tsage, hantsarta a cike tana rangaji. Ɗanta ya biyo ta zuwa rabin hanya ya toge yana kuka. Ita kuwa ba ta ko yi gezau ba, ta karɓi ɓauren daga tafin hannuna, ta wuce ni kai tsaye zuwa inda Muƙran yake kwance ta sunsuna fuskarsa. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yaro, ban ji kunyar kowa ba. A nan ne na gane abin da Wardiya ta hango tun tana amarya: mutumin da teku ta tofar ba ya zuwa da ƙarfin bin akuya kan dutse, sai dai akuyar ta zo masa.

Da na durƙusa zan tatsa sai abin ya gagare ni, akuyar ta fara harbi. Ra'is ya taso ya ture ni gefe ya ce ina jan nono kamar mai jan igiyar anga, ƙarfen tsayar da jirgi. Ashe shi ɗan makiyaya ne daga kan duwatsu, kafin ya san teku ya san garke. Ya tatsi madara mai ɗumi cikin akushin, na sa karan, Muƙran ya zuƙa a hankali. Muka zuba masa ido muna jiran amai. Madarar ta zauna.

Daga ranar, safe da yamma ina bugawa tana saukowa. Ɓauren ya ƙare, na koma tsinko mata ɗanyen ganye daga inda raɓa ke sauka, ba ta daina zuwa ba. Kumburin fuskar Muƙran ya fara saɓewa, idon ya buɗe, har yana iya zama idan ya jingina. Amma mu biyun da ke ɗawainiya da shi mun fara lalacewa. Mun cinye katantanwar da hannu ke kaiwa, sai mun shiga ruwa har ƙirji kafin mu sami kaɗan. Ƙafafun Ra'is suka kumbura, dasashinsa na jini, ni kuwa idan na miƙe tsaye sai duniya ta juya. Muna tada hayaƙi da ƙaya kullum, ba jirgin da ya ɓullo.

Rannan Ra'is ya kira ni gefe, amma ba nesa da yadda Muƙran ba zai ji ba. Ya ce ba jirgin da zai biyo nan sai iska ta sauya, kuma kafin ta sauya ni da shi mun mutu, idan mun mutu kuwa wa zai buga akushi, wa zai tatsa. Ya ce ga katakan jirgi ruwa ya turo, idan muka sami nama muka yi ƙarfi za mu iya ɗaure su mu gwada sa'a. Naman a shanya shi, romon kuma Muƙran ya sha. Gaskiya maganarsa ba ta wauta ba ce, shi ya sa ta fi ba ni tsoro. Na san romo na 'yan kwanaki ne, madara kuwa ita ke riƙe da ran yayana, kuma bakinsa bai kai ga tauna ba tukuna.

Na ce, "Sidi Ra'is, kunnenta a tsage yake."

Ya ce, "Na gani, ba makaho ba ne ni. Wannan dokar mata suka kafa ta suna zaune a gida cikinsu a ƙoshe. A nan ni ne Ra'is."

Na ce to hannuna ba zai buga akushin ba. Ya ce nasa zai buga, ai ya ji kiɗan har ya haddace. Na so in tare shi, amma ko iska ta ture ni a lokacin sai na faɗi, ga wuƙa a hannunsa, ga shi tun ina saurayi ban saba cewa a'a ga mutumin nan ba. Muƙran ya yunƙura zai tashi ya koma ya zube, wani gurnani na fita ta cikin ɗaurin. Rana na tsaka Ra'is Bakir ya ɗauki akushin ya hau tudun, ya soke wuƙar a ɗamara ta gaba, ya buga, biyu da ɗaya.

Na roƙi Allah a zuciyata kada ta zo, ba lokacinta ba ne, ko ta ji baƙon hannu ta ƙi. Ina! Sai ga ta tana gangarowa da saurinta kamar kullum. Ra'is ya ajiye akushin, ya zare wuƙar, ya durƙusa ya fuskanci gabas. Zaituna ta iso, ta leƙa akushin ba komai, sai ta matso ta cusa kanta ƙarƙashin hammatarsa tana neman ganye a cikin rigarsa, wuyanta a miƙe daidai kan hannun da ke riƙe da wuƙar. Har lasar yatsunsa ta yi.

Ya daɗe a haka bai motsa ba. Ina ganin leɓunansa sun fara bisimilla sun tsaya. Can ya ja numfashi ya ce, "Ka ga 'yar banza. Ta sauke tuta."

Ya mayar da wuƙar cikin kube, ya juyo yana hararata kamar ni na yi laifin. "Tunda nake ban taɓa yanka wanda ya zo mini da ƙafarsa ba, ba kuwa da akuya zan fara ba. Me ka tsaya kallo? Riƙe mini ƙahonta."

Ya tatsa da kansa ya kai wa Muƙran. Daga nan ya kafa doka kamar muna cikin jirgi: mai ciwo ya sha ya ƙoshi, abin da ya rage ni da shi kurɓi ɗaya ɗaya. Bai ƙara tada maganar nama ba, ko a ranakun da yake rarrafe zuwa bakin ruwa don ƙafafun sun ƙi ɗaukarsa. Allah ya jiƙan Ra'is Bakir, mutum ne mai wuyar zama, amma ranar na yafe masa duk zagin da ya taɓa yi mini.

Masu nutso neman murjani ne suka hango hayaƙinmu, suka matso da ɗan jirginsu. Kafin su gama ɗibar ruwa na riga na ɗaura wa Zaituna igiya a wuya. Niyyata in kai ta Bijaya, in yi mata rumfa, ta ci ɓaure har ta mutu don tsufa. Sai na ji an kama gwiwar hannuna. Muƙran ne, mun kwance masa ɗaurin ba da daɗewa ba, bakin ya haɗe a karkace, sai ka kasa kunne sosai kake gane abin da yake cewa. Amma wannan karon maganar ta fito sarai.

"Sake ta. Ba mu ne na ƙarshe ba."

Na kwance igiyar zuciyata na ciwo. Akushin kuwa ba mu mayar da shi tsagin dutse ba, a bakin rijiya muka kife shi da cokalinsa inda kowa zai gani. Ra'is ya tara masu murjanin ya koya musu bugun yana muzurai, ba wanda ya isa ya yi dariya. Daga baya duk tashar da ya sauka sai ya koya wa mutanen jiragen, har da fursunonin Nasara da ake fansa za su koma gida.

Masu murjanin sun sauke mu nesa da gida, muka ƙarasa da ƙafa muna hutawa a ƙauyuka. A hanya muka ji cewa labari ya daɗe da isa Bijaya cewa jirgin Ra'is Bakir ya nutse ba wanda ya tsira, an yi mana addu'a, matanmu na takaba. Da la'asar muka shiga gari, Ra'is ya nufi unguwarsu, ni da yayana muka hau lungunmu. Ba wanda ya gane mu, don mun koma kamar itace, ga gemu har ƙirji.

Kafin mu kai ƙofa muka ji shi ta bayan katanga, biyu a jere, ɗan shiru, ɗaya. Daga baya na ji cewa 'yar maƙwabta ce za a aurar da wani mutumin teku, Wardiya kuma, da takabarta da komai, ta nemo 'yar akuya ta ce ita za ta rene ta, don kada a je kasuwa a sayo ta araha. Ita a saninta nata mijin ya riga ya tafi, ga shi tana yi wa mijin wata tanadi.

Muƙran ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe baki zai yi sallama, sai ya fasa. Muryar ba tasa ba ce yanzu, yana tsoron ya firgita ta. Ya sunkuya ya ɗauki tsakuwa ya ƙwanƙwasa ƙyauren, biyu da ɗaya. Bugun ciki ya tsaya cak.

Aka daɗe kafin ƙyauren ya buɗe. Wardiya ta tsaya da akushi a hannu, ta rame ita ma. Ta dubi karkataccen bakin, ta dubi ƙasusuwan wuyansa, ta dube ni, ta sake dubansa. Na zaci za ta yi ihu ko ta suma. Sai ta ce, "Ta zo?"

Muƙran ya ce, "Ta zo."

Sai ta zauna a dokin ƙofa ta rufe fuska da mayafi, shi kuma ya durƙusa kusa da ita. Ni da ban taɓa kiranta da wani suna ba sai na tsokana, na kira ta da na girma, na ce, "Lalla Wardiya, Allah ya biya ki. Ke kika dawo mini da ɗan'uwana." Ban san ko ta ji ba.

'Yar akuyar da ke tsakar gida ta gaji da jira, an buga mata akushi ba a ba ta komai ba. Ta fito tana tunkuɗar gwiwata. Na ɗauki ɓauren da ya faɗo daga akushin, na hure ƙasar, na ba ta da hannuna.